Lasifikar Ɗakin Inna

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar yayana Umaru, wanda duk Ƙofar Marke ta sani da Sanda Mai Rediyo. Na saba idan watan ya zagayo in yi masa sadaka in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, domin kwana huɗu na yi ina safa da marwa a falona na Dundaye, ina tsammanin kunnena ya soma mutuwa.

Ɗana ne ya kafa mini kayan sautin zamani, lasifika biyar da wata ƙatuwa mai gurnani a ƙasa, ya koma wurin aikinsa. Sai ranar Talata na kunna talabijin, kiɗa ya cika ɗaki, ƙarar mota ta cika ɗaki, amma maganar mutane kamar daga ƙasan rijiya. Uwargida ta tafi wajen haihuwar 'yarmu, babu wanda zan tambaya ko shi ma haka yake ji. Na latsa rimot har yatsana ya yi tsami. In zauna, in tashi, in toshe kunnen hagu, in toshe na dama. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kuma tsoron ne ya mayar da ni gidanmu na Ƙofar Atiku.

Lokacin soja na mulki, kuɗin mai sun tumbatsa, wanda jiya keke yake ara yau babur yake zaɓe. Babanmu ɗan kasuwar yadi ne. Ya dawo daga Hajji da amfilifaya, wato babbar na'urar sauti mai cin kaset, mai lasifika huɗu, ya kyautar da ƙaramin rediyonsa mai kaset ga wani ɗan'uwa a ƙauye. Mai shagon da ya sayar masa ya gaya masa a jera su kusurwa huɗu na ɗaki ɗaya. Baba ya ce wannan rowa ce: yaya mutum ɗaya zai zauna tsakiyar lasifika huɗu alhali gida cike da kunnuwa? Ya raba su yadda yake raba naman layya. Ɗaya zaure, ɗaya turakarsa, ɗaya tsakar gida, ɗaya ɗakin mahaifiyarmu Inna, wadda ciwon ƙafa ya kwantar.

Ni na ja wayoyin. Ina sabon malamin makaranta, ina ji da Turancina, ga takardar bayani a hannuna. Da aka ce a kira Sanda, tunda gyaran rediyo ne sana'arsa, na ce wannan ba rediyon talaka ba ne da ake bugawa da tafin hannu ya tashi. Maganar kuwa ta kai kunnensa.

Sai ga kaset daga Makka. Yayarmu Hajara ce, wadda ta bi mijinta can, shekara shida Inna ba ta ji muryarta ba. Muka kunna. A zaure muka ji ta tangaran, tana gaida kowa da sunansa. Na ruga ɗakin Inna don in ga murnarta, na tarar da ita ta manna kunne jikin lasifika tana kuka. Na tsaya bakin ƙofa, muryar zaure na biyo ni daga nesa, ban ma lura cewa ta ɗakin shuuu kawai take yi ba. Muka yanke hukunci tsufa ya taɓa kunnen Inna. Ita ma ta yarda. Ta daina cin abinci sosai, tana cewa Allah ya kawo mata ɗiyarta har ɗaki ya hana ta ji. Ni kuwa da ilimina na shiga neman maganin kunne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kwana na uku Sanda ya zo gaishe ta. Daga bakin ƙofa ya yi sallama can ƙasa-ƙasa, ta amsa. Ya juyo ya dube ni.

"Malam, wadda taj ji sallamata ita ta kurma? Mi kunka haɗa nan?"

Bai taɓa kaset ɗin Hajara ba, ya ce ba a gwaji da abin da ba shi da madadi. Ya ɗauko sabon kaset ya ɗauki muryarsa a kai. Sannan ya cire wayoyin duka, ya zaro batirin tocila daga aljihu, yana ɗosana bakin kowace waya a jikinsa, ni kuma ina zaga gida ina faɗa masa inda aka ji ƙas. Da haka ya gane kowace waya da ɗakinta. Ya nuna mini cewa lasifika biyu na gaba su ke ɗaukar magana, na baya amsa-kuwwa kawai suke kwasowa, kuma ta baya na kai wa Inna. Ya mayar da tata gaba, ja ga ja, baƙi ga baƙi, ya murɗa wani maɓalli da ya sa duka huɗun suka riƙa faɗin abu guda. Ya kunna nasa kaset: "Wagga ta zaure ta. Wagga ta turaka ta. Inna, kina ji na?" Daga cikin gida muka ji ta ɗaga murya: "Ina jin ka, Sanda!" Ranar sau bakwai aka maimaita mata Hajara, ta kuma shanye kwanon fura. Inna ba ta kai wata Sallar ba.

Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Ni ma girman kai bai bar ni na ce masa ya yafe maganar rediyon talaka ba. Kullum sai in ce gobe, har goben ta ƙare.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da kayan yau, da ake gyara su ta cikin allon talabijin, idan sun ƙi a jefar a sayi sabo. Ina jin zai yi dariya, ya koyi rimot ɗin cikin yini ɗaya, amma ba zai fasa tambayarsa ta farko ba: wa zai saurara, kuma ina yake zaune? Mu kan fara zargin mutum, shi kuwa waya yake fara bi.

Jiya da hantsi na ajiye rimot, na durƙusa da tsofaffin gwiwoyina bayan kantar da aka ɗora kayan sautin. Wayar lasifikar tsakiya, wadda ke ɗauke da magana, ta zame daga mazauninta, ƙila wajen shara. Na ɗosana ta ga batir, ta ce ƙas. Na mayar da ita, ja ga ja.

Shagon Sanda yau ana sayar da katin waya a cikinsa, kuma yaran unguwar ba su san sunansa ba. Abin da ya rage shi ne batir a aljihuna, da wancan kaset na gwaji da ɗana ya juye mini a wayar hannu. Shi na fara kunnawa. Muryar ta fito tsaf daga tsakiyar ɗaki, ta mutumin da yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, tana tambayar Inna ko tana ji. Inna ba ta nan, Baba ba ya nan, Hajara ma can Makka aka binne ta. Na duba babu mai amsawa sai ni.

Na ce, "Ina jin ka, Yaya. Ka yahe mani."

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.