Kabar Giwar Kakata

Har yau in na karya ganyen kabar giwa, ruwan nan mai yauƙi ya biyo yatsuna, sai in gan ni a gidanmu na Wurno, gindin rumbu, ina ƙarama. In ba ka san ta ba, tsiro ce mai ganye masu kauri da ƙaya a gefe, sun jeru suna zagaye juna. Ɗacinta kuwa, ko akuya sau ɗaya take lasa ta haƙura.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ke da ita. A fasasshen tulu ta dasa ta, cikin yashin gulbi da tsakuwa da ɗan busasshen taki. Da rani sai ƙasar ta bushe ƙayau take ba ta ruwa, shi ma ludayi guda. Da damina takan ja tulun ƙarƙashin rumbu. In ta hango ni da ƙwarya sai ta ce, "Mi za ki yi? Wagga ba albasa ta ba. Ruwa ka kashe ta, ba ƙishirwa ba."

Wata shekara gulbi ya cika ya shigo unguwa. Muka kwashe hatsi da awaki muka hau tudu wurin dangi. Da muka dawo, tulun ya cika da laka, tsiron ya ruɓe yana wari. Mahaifiyata ta ce a zubar. Kakata ta ɗauko wuƙa. Ta tone shi, ta yi ta yanke ruɓaɓɓen har ta kai inda ke da tauri, ta shafa toka, ta ajiye a inuwa. Sai da aka gama yankan gero ta sake dasawa. Zuwa tsakiyar sanyi ya fitar da 'yan ganye, ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Kullum da safe sai ta durƙusa ta duba su.

A irin wannan safiya ce ina jin ɗumi bakin murhu, tukunyar kunu ta tuntsure a hannuna na dama. Fata ta saɓule. Ihun da na yi har maƙwabta suka shigo. Ina cikin kuka na ga kakata ta ɗauko wuƙa ta nufi tulun.

Babana ya ce, "Inna, in kin yanke su mutuwa za ta yi. Bari in tahi Rabah in samo magani."

Ta ce, "Kahin ka kai Rabah yarinyar ga ta gama shan wuya. Ba don kallo nid dasa ta ba."

Ta tsaga ganyen, ta shimfiɗa min mai sanyin a kan ƙunar, har tsakanin yatsu, ta ɗaure da tsumma. Raɗaɗin ya fara lafawa. Haka ta yi ta yankowa har tulun ya koma kututture tsirara, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Hannuna ya warke, yatsun ba su manne ba. Da shi na yi kaɗi da daka duk tsawon rayuwata.

Kututturen kuwa, kafin ruwan farko ya tsattsago ta kowane gefe, kai bisa kai, har tulun ya yi masa kaɗan. Ta ɓantari 'ya'yan ta raba wa matan unguwa, ta ba ni ɗaya.

Yanzu ina Goronyo gidan ɗana, gulbi ya daɗe da cinye tsohon gidanmu. Matan yanzu suna dasa kabar giwa bakin ƙofa don tsari daga mugun ido, ba su yarda ko ganye ɗaya a taɓa. Tasu ta yi kyau, ban musa ba. Tawa ce mafi muni a unguwa, duk tabon wuƙa. Amma ranar da wuta ta taɓa yaro, ƙofata ake yi wa sallama.