Uwar Tafiya a Cikin Fulas

'Yan shekaru bayan yaƙin basasa na sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin koyarwa a birni. A takarda an rubuta mataimakin ma'aikaci, amma kwalabe nake wankewa, kuma kada wani ya yi mini gardama a kan wannan, tunda hannuna ne ya sha sabulun. A Haɗeja kuwa likita ake ce mini. Ban taɓa cewa ni likita ne ba, ban kuma taɓa hana kowa faɗa ba.

Maigidana a wurin aiki wani dogon Bature ne mai jan wuya, wanda ya baro ƙasarsu takanas saboda binciken tsargiya. Mu da muka tashi muna ninƙaya a kogi ba mu ɗauki tsargiya a bakin komai ba. Yaron da bai taɓa fitsarin jini ba har dariya muke masa. Shi kuwa ya ce tsutsar tana barin tabo a hanta da mafitsara, kuma tabon ne yake kashe mutum daga baya, bayan kowa ya manta. Abin da yake yin tabon shi ake kira kolajin. Da ya ga ban gane ba, sai ya ce in tuna ganda idan ta dahu, da danƙon nan da take bari a leɓe. To shi ne, kuma kowane ɗan Adam yana da nasa a fata da jijiya.

Wahalar ita ce ganinsa a madubin likita, don nama duk nama ne a ido. Dabarar da ya zo da ita ta ba ni mamaki. Za a sami kolajin na mutum, a tace, a yi wa zomo allura da shi. Jinin zomo zai ga baƙo, ya haɗa masa 'yan kamu, waɗanda ake kira antibodi, da ba su san kowa ba sai shi. Sai a ɗebo su daga jinin, a rina su da wani rini mai ƙyalli, a ɗiga a kan yankan hanta wanda bai kai kaurin fatar albasa ba. A rufe tagogi, a haska shuɗiyar wuta. Duk inda kolajin ya ɓuya sai ya yi kore shar, kamar idon kyanwa a bayan rumbu. Zomaye muna da su, rini ya iso, madubi yana nan a lulluɓe. Kolajin ɗin mutum ne babu.

Inda ya fi sauƙin samu, in ji Bature, shi ne mabiyiya, wadda tsofaffinmu suke kira uwar tafiya. A ƙasarsu wai zubarwa ake yi. Nan kuwa ya yi wata biyu yana sintiri a ɗakin haihuwa bai sami ko ɗaya ba. Kafin jariri ya gama kukan farko, wata tsohuwa ta naɗe ta a zane ta yi gida, a wanke, a binne a bayan ɗaki.

A lokacin ne aka ba sashenmu gurbi ɗaya na kwas ɗin shekara biyu a Ibadan. Wanda ya je zai dawo ma'aikaci sosai, ya rabu da sabulu har abada. Mu biyu ne muke hange: ni da wani abokin aikina mai gilashi, irin mutanen nan da suke cewa "to, yallaɓai" tun ba a gama magana ba. Na tsane shi, Allah ya yafe mini. Ranar da na ji Bature yana yabon rubutunsa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce matata tana goyon ciki a gidansu, wata ya kama, ni zan kawo mabiyiya. Bature ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce in na kawo, sunana ne a takardar kwas. Ya ba ni wani ƙaton fulas mai faɗin baki, ya ce a cikin ƙanƙara za a sa ta, kada ta kwana biyu a hanya.

Sai da jirgin ƙasa ya sauke ni a Malam Madori sannan na fara tunanin abin da na ɗauko wa kaina. Haihuwar fari ce. A danginmu uban ɗan fari ba ya ko nuna ya san ana da ciki. In an haihu ma sai ya ji a bakin mutane, ya sunkuyar da kai, ya canza magana. Ni kuwa ga ni tafe da fulas.

Gidan surukaina yana wani ƙauye a fadama, wajen Auyo, kuma damina ce, ruwa ya shafe hanya, sai da kwalekwale. Ƙanƙara kuma a duk yankin wuri ɗaya na san ana samu, firij mai kananzir na wani mai kanti a cikin Haɗeja. Don haka kullum da safe in karɓi ƙanƙara, in hau keke zuwa mashaya, in shiga kwalekwale, in je in zauna a gindin wata tsamiya da ke kallon ƙofar surukaina, fulas a cinya. La'asar ta yi, ƙanƙara ta zama ruwa, in koma. Kwana huɗu ina wannan. Mai fito ya fara tambayata ko an sauka lafiya tun kafin in zauna, masunta suna ƙunshe dariya. Labari ya zaga cewa boko ya cinye kunyar ɗan gidan wane, ya zo ya tsare ƙofa yana jiran ɗan fari, har da ruwan sanyinsa. Surukina, mutumin kirki, ya koma fita ta bayan gida don kada mu haɗa ido.

Da na ga abin ba zai yiwu ni kaɗai ba, sai na nemi gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda take aure a ƙauyen. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga hanta har zomo. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko zomon ne zai ci. Na ce a'a, allura za a yi masa. Ta ce wato jikarta za a ɗura wa zomo. Na ce ba jika ba ce, tsoka ce da ta gama aikinta. Ta yi salati, ta ce tsokar da ta rako mutum duniya ba a sallamarta a kwalba; in kare ya tone ta ma sai an yi ta addu'a, in an binne ta a kife mace ta gama haihuwa, balle a hau jirgi da ita. Ni kuma zuciyata ta hau, na ce duk camfi ne, kuma irin wannan tunani ne ya hana mu ci gaba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in bari ta ga ungozoma.

Ungozomar wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai baki ja da goro. A jikin dangar gidan surukaina muka tsaya da ita, ni da gwaggo, muna ciniki kamar masu sayen kaza. Ta ƙi, na roƙa, ta ƙi, na yi alkawarin Bature zai binne ragowar da mutunci. Ta ce za ta yi shawara.

Rana ta biyar da hantsi na ji guɗa. Mace aka samu. Wallahi na ji daɗi, amma kunyar faɗa nake yi, abin da ya biyo baya a raina shi ne ƙanƙarata ba ta narke ba tukuna. Can sai ga ungozoma ta zagayo ta bayan danga da ƙunshin ganye a cikin tsumma. Ta sa a fulas da hannunta, ta rufe, ta ce sharaɗi ɗaya ne: idon uba ba ya sauka a kanta, in ya sauka yarinya za ta tashi da harara-garke. Na yi mata godiya har da durƙuso.

Ni da na gama zagin camfi, tun daga fadama har birni ban ɗaga murfin nan ba. Da zan ƙara ƙanƙara a hanya ma, kau da kai na yi, na zuba da lalube.

Washegari Bature ya tara mutane. Ga ɗalibai, ga mai gilashi a gefe yana murmushin dole. Ni kuwa na sa farar riga wankakkiya, na juya baya saboda sharaɗi, na ce musu al'ada ce. Na ji an kwance tsumma. Sannan Bature ya kira ni, a hankali, ya ce:

"'Yar taka, ƙafafunta nawa?"

Na juyo. Yana riƙe da wani abu a bakin hantsaki, shara-shara, duk jikinsa ƙulli-ƙulli kamar an jera maɓallai. Ya ce ta mutum dunƙule ɗaya ce, mai faɗi kamar faifai. Wannan kuwa ya san ta tun yana yaro, don ubansa makiyayi ne. Ta akuya ce, kuma daga gani akuyar tana cikin ƙoshin lafiya. Ɗalibai suka yi ta maza na ɗan lokaci, sannan wani ya fashe, sauran suka bi. Mai gilashi kaɗai ne bai yi dariya ba, ya zo ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri, abin da ya fi dariyar ciwo.

Bature bai kore ni ba. Ya ma yarda ban san komai ba, wanda a ganina ya fi muni. Amma ya ce mai aikin gwaje-gwaje da zai ɗauko abu tun daga Haɗeja bai duba ba, bai isa kwas ba tukuna. Satin nan aka buga sunan mai gilashi.

Na je suna fuska a murtuke. Gwaggo ta gaishe ni da gajiya, ta tambayi lafiyar zomo. Ungozoma kuwa ko kallona ba ta yi ba, tana can tana rabon kunu. Na ƙulla su a raina, su biyun, na rantse ba mai ƙara ganin ko sabulun wanka daga hannuna.

Sai bayan arba'in matata ta dawo ɗakinmu na haya a birni. Ran nan da rana tana shanya kayan jaririya, ni kuma ina ta surfa wa tsofaffin nan ruwan masifa, ina cewa sun kashe mini gaba saboda jahilci. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce ba ruwan gwaggo, ba ruwan ungozoma. Akuyar innarta ce ta haihu da asuba ran nan, kuma ita matata da kanta ce ta ce a ba ni ta akuyar.

Matar da don kunya ko sunana ba ta iya faɗa, ita ce ta shirya mini wannan.

"Malam, ina kwance a bayan dangar nan, ciwo yana cina, ina jin ka," in ji ta. "Ka roƙi gwaggo, ka roƙi ungozoma, har Bature ka yi wa alkawari. Abin a cikina yake. Ni kaɗai ce ba ka tambaya ba."

Na ce to ai ko na tambaya hana ni za ta yi, tunda duk tunaninsu ɗaya.

Ta matse wani ɗan zane, ta shanya, ta gyara masa baki. Ta ce yayanta da suke ciki ɗaya masunci ne, ciwon nan na hanta ne ya tafi da shi tun kafin a yi mana baiko, cikinsa ya kumbura har ba ya iya ɗaura wando. Ita ce take masa fifita.

"Da ka tambaye ni, da na ba ka," ta ce.

Kunyar da na ji a gaban ɗalibai wasa ce a kan wadda na ji a tsakar gidan nan. Na tashi na ɗauki bokiti na ce bari in ɗebo mata ruwa, alhali randa a cike take. Shekara shida na ƙara ina wankin kwalabe, mai gilashi kuwa, tun da ya dawo daga Ibadan, yana duba mini su a hasken taga ya ce in sake.