Ganyen Magarya

Jiya a Takur na ji ƙamshin dakakken ganyen magarya, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Shekarar da rikici ya koro ni daga Kudu, na iso Miga da riga ɗaya. Bai tambayi kayana ba. Ya turo mini ƙwaryar fura, ya ce, "Sha. A gida ko ba ka da komai, ranar da ka mutu akwai mai wanke ka."

Bayan damina biyu ya rasu, ni na wanke shi da magarya. Har yau ban yi kuka ba. Sanyin ruwan kawai nake tunawa.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ni ma hannun gida ya wanke ni.