Wa Ya Kawo Waƙar Aji?

Malama Zinariya 'yar Cadawa ce, gajera, mai saurin fushi da saurin sauka. Faransanci take koyarwa a wata kolej ta Gazawa, kuma ɗalibai sun san ko daraktan lakol, wato shugaban makarantar, ba ya katse ta idan ta fara magana. Ba ta da mota, ba ta da gona. Aikin nan ne abincinta, da ita da tsohuwarta da ke kwance a gida.

Ran Laraba da yamma, lokacin da ba a karatu, takan tara 'yan ajinta ta kunna musu bidiyon waƙoƙin hip hop da ke cike da wayoyinsu, amma sai ta kashe sautin. Ta ce su duba da kyau. Wa ke magana? Wa ake nuna fuskarsa, wa kuma ake nuna jikinta kawai? Daga baya ta kunna sautin, su bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Samarin kan fara da dariya, can kuma dariyar ta ƙare.

Ba haka kawai ta fara ba. Wata ɗalibarta, Lubna, ita ta zo mata da waƙar farko tana kuka. Masu kabu-kabu na tasha sun ɗauko wata ƙazamar kalma daga waƙar sun liƙa mata, kullum ta wuce sai sun rera. Ba ta iya kai ƙara gida ba, don ita ce 'yar farin Alhaji Hambali mai kayan babur. Kunyar ɗan fari ta sa ko sunanta ba ya faɗa, idan ta shigo zaure ma kau da kai yake.

To, Alhaji Hambalin nan shi ne shugaban iyayen yara. Da labari ya bazu cewa ana nuna wa yara mata masu rawa a lakol, shi ya tara dattawa a buron darakta, wato ofishinsa, aka aika kiran Zinariya. Ta shigo, ta durƙusa ta gaishe su. Da ƙyar aka amsa.

Alhaji ya ce, "Malama, mun ba ki ɗiyanmu ki koya musu karatu, kin koma nuna musu tsiraici. An ce wani ɗan ajin ne ya kawo miki. Wane ne? Yau za a kore shi."

Ta ce, "Alhaji, abin nan yana cikin wayar kowane yaro a garin ga. Ni ba kallo nike koya musu ba, tambaya nike koya musu."

"Ba shi na tambaye ki ba. Suna nike so."

Darakta, mutum mai son zaman lafiya fiye da kima, ya matso ya raɗa mata cewa in ba ta faɗa ba takardar ƙara za ta tafi wurin manyansu a Maradi, kuma ta san abin da ke biyo baya. Ta sani sarai. Za a tura ta wani ƙauye can bayan Gangara, inda babu likitan da zai duba tsohuwarta. In kuwa ta faɗa, Lubna ta bar lakol ke nan, ga tozarci a gaban dattawan gari. Haushi ya taso mata, ta danne shi da ƙyar.

Ta ce, "Ku yi mini aikin gafara, ba zan faɗi suna ba. Yarinya ce. Ba don daɗi ta kawo ba, da waƙar ake zaginta a tasha, safe da rana. Ta rasa wanda za ta gaya wa, don ɗiyar fari ce, ubanta ba ya ɗaga ido ya dube ta. Ni kaɗai ta samu."

Cikin dattawan akwai masu 'yan fari mata a ajin, kowa ya shiga duban tabarma. Alhaji Hambali bai sake neman suna ba, amma bai janye ba. Ya ce a rufe darasin Laraba, takarda kuma ta tafi. Aka yi fatiha aka watse.

Washegari tana tsaye a ƙofar lakol, idanunta sun kumbura, sai ga babur ya biyo ta hanyar tasha. Alhaji Hambali ne, da Lubna a bayansa, abin da garin bai taɓa gani ba. Masu shayi har da leƙe. Yarinyar ta sauka ta shige da sauri.

Ya kashe babur, ya tsaya yana duban ƙasa.

"Malama," in ji shi, muryarsa can ƙasa, "yarinyar da kika ce. Tun yaushe suke yi mata haka?"

"Tun kaka, Alhaji."

Ga shi bazara ta yi nisa. Ya taka babur bai tashi ba, ya sake takawa bai tashi ba, don ya manta bai murɗa makullin ba. Zinariya ta kau da kai, ta ba shi wuri.