Mamman da munka yi wa sadaka ya dawo

'Yan zauren marigayi Malam, ku ji ni!

Da hantsi masinja yaz zo, wai Bature na kirana bariki. Nic ce shi ke nan, an kai tsegumin taron da mukan yi duk Alhamis. Har gafara nir roƙi iyalina.

Ina shiga, sai tafintan Bature yaj juyo. Inna lillahi! Mamman Dogo ne! Mamman da munka yi karatu tare tun muna samari, wanda anka ce ya mutu ranar da Nasara sunka shigo gari. Da hannuna nir raba gumbar sadakatai!

Yac ce, "Malam Umaru, ba fatalwa ba ce, zauna. Ni nis sa anka kira ka. Su wa ke zuwa taron Alhamis?"

Nic ce, "Tsufa ya zo, sunaye na ɓace mini."

Yay yi murmushi, Bature na kallonmu. Yac ce, "To, jibi Alhamis ina nan tahe, a shimfiɗa mini buzu."

Jama'a, ban sani ba ko zumunci zai kawo shi, ko kunnen Bature ne zai zauna cikinmu. Jibi kowa ya zo da addu'a, maganar Nasara ya bar ta gida!