Silifas a Cikin Shokazoba

Kafin in zama abin nuni a Fagge, ni mai gyaran keke ne, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. A Kwaciri aka haife ni, a Sabon Gari na koyi sana'a wurin wani dattijo Ibo mai sayar da kayan keke, wanda duk layin ke kira Oga. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ba shi da wani babban shago, sunansa ne jarinsa. In aka ce maka abu daga wurin Oga ya fito, ba sai ka juya shi ka duba ba. Ku riƙe wannan, matasa, domin da sunan nan na yi caca.

Da ya yaye ni na buɗe rumfata a bayan titin Ibrahim Taiwo, ina faci, ina ɗaure birki, ina samun na tuwo. Ana nan sai likitoci suka sako alhazan Kantin Kwari a gaba da maganar hawan jini da sikari, aka ce su motsa jiki. Alhazan Kwari kuwa ba sa yin abu kaɗan. Ɗaya ya sayi keken hawa dutse mai giya, kafin wata ya ƙare kowa ya saya. Suka kafa ƙungiya, suka ɗinka riguna iri ɗaya waɗanda ba su rufe tumbin kowa ba. Gasar duk ta koma kan ƙafar gaba, wato shokazoba ɗin da ke riƙe tayar gaba yana shanye gargada.

Oga ya koya min yadda ake zaɓensa. Iri biyu ne, mai sifirin da mai iska, mai iskan ya fi tsada kuma ya fi rashin nauyi. Kafin ka sayar wa mutum sai ka dubi nauyinsa, ka tambayi inda zai hau, ka auna wuyan ko zai shiga jikin keken, ka shafa bututun ka ji ko ya karce ko yana yoyon mai. In ka danna shi kuma, mai kyau a hankali yake dawowa, ba ya zabura. Amma alhazaina ba ruwansu da wannan karatu. Gwajinsu ɗaya ne: mutum ya kama kan keke ya danna da tumbi, in ya ji ya lotsa sai ya washe baki ya ce, "Kai, wannan akwai laushi! Naɗe min."

Farkon lalacewata sitika ce kawai. Wani ya kawo tsohon shokazoba ɗan Kwatano, na goge shi, na manna masa sitika mai rubutun Turawa, sai ga shi ya tafi a farashin sabo. Ranar ban ci abinci da daɗi ba. Washegari na ci, har da ƙari.

Daga nan na fara bin 'yan gwangwan ina sayen matattun shokazoba a kilo. Matsalar ita ce mataccen ba ya lotsawa, sai ƙara kamar ƙofar gidan haya. Wata rana na yanka tsohon silifas ɗina gunduwa-gunduwa, na cusa a bututun, na zuba giris, na danna. Wallahi sai da na tsaya ina kallon hannuna. Laushi kamar katifa! Na huda saman na dasa bawul ɗin tsohon tub, shi ke nan ya zama mai iska. Har hura shi nake yi a gaban mai saye, famfon yana huci, iskar tana fita ta ƙasa, ni kuma ina ta tari don kada a ji.

In mutum ya ɗan yi jim, sai in sauke murya in ce, "Alhaji, kayan Oga ne fa." Magana ta ƙare.

Ciniki ya buɗe, silifas ya ƙare. Na gama da na gidanmu, har ƙannena suka fara zargin aljanu. Sai na koma ƙofar masallaci. Da farko wari ɗaya nake ɗauka, wanda aka yar, ina ce wa kaina ai tsaftace wuri nake yi. Daga baya na gane silifas ɗin talaka tauri gare shi, na alhazai shi ne mai taushi, musamman tsarabar Umara. Na zama ni ne farkon fita bayan sallama. Har wani dattijo ya taɓa yi min nasiha, ya ce in riƙa tsayawa addu'a, neman duniya ba ya ƙarewa. Na ce, "To, Baba, in sha Allahu," alhali takalminsa yana cikin aljihun rigata.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Sabo mai atamfa, mutum ne mai jiki, mai kirki, mai son a ce nasa ya fi na kowa. Ya zo ya ce, "Injiniya, wanda ya fi duka nake so." Da Oga ne, da ya ce masa ya nemi mai sifirin mai ƙarfi, don nauyinsa ba na wasa ba ne. Ni kuwa na ɗauko masa wanda na fi cika wa silifas. Ya danna, ya lumshe ido. Don murna sai ya ce ranar Lahadi za su wani tudu a bayan gari, kuma lalle in bi su a matsayin injiniyan ƙungiya. Na ce ina da ɗaurin aure. Ya ce na wa? Na rasa sunan ango. Haka aka ba ni rigar ƙungiya.

Hawa bai zama matsala ba, domin turawa muka yi. Da aka zo gangara na ce ni zan tsaya a baya in kula da kowa, na sauka ina jan kekena kamar akuya. Alhaji Sabo ya yi bisimilla ya saki birki. Dutsen farko, shokazoba ya lotse bai dawo ba. Dutse na biyu, murfin ya yi tsalle, gutsattsarin silifas suka yi sama kamar ana watsa alewa a gidan biki. Alhaji ya bi ta saman kan keken. Na bayansa suka taka birki, nasu ma suka fara amai, shuɗi da kore da ruwan ɗorawa.

Na san kuna dariya, ni ma a kurkuku an sa ni na maimaita labarin nan har na gaji. Amma mutumin ya karye a hannu, haƙoransa na gaba suka zube, kuma da a ce kansa ne ya bugi dutsen, da yanzu wani labarin ake yi. Yana zaune a ƙasa, baki duk jini, sai ya tsinci wani gutsure ya ƙura masa ido. Ashe yana ɗiga wa takalmansa jan fenti a dunduniya saboda ɓarayin masallaci. Ya ɗago ya ce, "Injiniya, wannan ai nawa ne. Na Madina."

Na ce bari in samo adaidaita sahu a kai shi asibiti. Ban dawo ba.

Da 'yan sanda suka tambayi inda kayan suka fito, alhazai suka haɗa baki suka ce na Oga ne, domin haka na gaya musu. Aka je Sabon Gari da rana tsaka, aka fito da dattijon nan daga shagonsa, aka ratsa da shi layin da ya yi shekaru ana gaishe shi. Ina ɓoye a ɗakin gwaggota a Kwaciri labari ya same ni. Da ma in ce muku na tashi na miƙa kaina. Ban tashi ba. Na ƙara jan bargo, na ce ai za su sake shi. Gwaggo ce ta kawo min koko, ta ja ƙofa, ta sa kwaɗo, ta aika a kira 'yan sanda. Ta taga take ce min, "Sha da zafinsa, ɗan nan, can ba a dama irinsa."

A kotu aka baje shokazoba a kan tebur, aka zazzage su, silifas ya yi tsibi. Alƙali ya yi ta ƙoƙarin gimtse fuska. Aka ɗaure ni kan zamba da sata, aka wanke Oga. A gidan yari sunana ya koma Injiniya Silifas, kuma duk wanda takalminsa ya ɓata ni ake fara cajewa. Can na koyi tsayawa addu'a bayan sallama, tunda babu inda zan yi sauri in je. Can kuma na yi kuka na gaske, ba don ɗaurin ba, don tuna dattijon da aka ja a titi saboda ni.

Da na fito na fara zuwa wurin Alhaji Sabo. Ya sa haƙoran roba, ya koma tafiyar ƙafa. Ya yi min faɗa son ransa, sannan ya ce ya yafe, amma in muka haɗu a masallaci in shiga sahun gabansa inda zai riƙa ganina.

Sai na nufi Sabon Gari. Na tarar babu ko sarƙar keke a shagon, bokitai da robobi yake sayarwa. Kotu ta wanke shi, kasuwa ba ta wanke shi ba, domin wanda ya ga an tafi da shi ya fi wanda ya ji an sake shi yawa. Na durƙusa na ce, "Oga, ka yafe min."

Ya ce, "Tashi, ɗana. Na yafe tun kana ciki. Ka ci abinci?" Ya aika aka sayo min shinkafa, ya zauna har na cinye. Da zan tafi sai ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. In an tambaye ka wa ya koya maka aiki, kada ka ce ni ne."

To, matasa, ga nasihata. In za ku sayi shokazoba, kada laushi ya ruɗe ku, ku sa a buɗe murfin a gabanku. In kuma ku ne masu sayarwa, ku ji tsoron ƙaramar ƙaryar farko, wadda ba ta hana barci sai dare ɗaya. In ma shaiɗan ya rinjaye ku, kada ku jingina ƙaryarku da sunan mutumin kirki, domin ku za ku gama wa'adinku ku fito, shi nasa ba ya ƙarewa. Na koma rumfata, ina faci, ina neman gafarar Allah. Masu keke sukan yaba hannuna su ce, "Malam, a ina ka koya?" Sai in sunkuyar da kai in ce a titi na tsinta.