Awa Biyar ɗin Likita

Ina shelanta wa duk mai kunne, na kusa da na nesa, cewa daga yau na yanke hulɗa da lissafin likitocin haƙori, rayayyu da waɗanda suka riga mu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce Allah Ya karɓi ranka, Likita, maƙwabcina kuma aminina, ka bar ni da akwati a ɗaure da magana a baki.

Alherinka ba ya ɓoyuwa. Ka cire haƙoran rabin unguwa, kana shafa kafaɗar mutum kana cewa saura kaɗan. Ni kaina ka raba ni da turame biyu, ina ta yi maka bayanin tarihin Rumawa da auduga a kunci, ba ka taɓa katse ni ba.

Kai kaɗai ka san ina tsoron jirgin sama, tsoron da ya hana ni zuwa ganin 'yata a ƙasar da take aure, har jikata ta fara tafiya ban taɓa ɗaukarta ba. Ka zaunar da ni a ɗakin jiran asibitinka, gefen tankin kifin nan, ka nuna mini a waya: tashi goma na safe, sauka uku na rana. Ka ce awa biyar ce, kuma kana kujerar da ke gefena. Na amince, muka sayi tikiti.

A zaman makokinka nake yabon wannan karamci, sai maiɗakinka ta ɗago kai. Ta ce ai awa goma sha biyu ce, kusan kilomita dubu goma, galibi a kan teku. Agogon can ne yake bayan namu da awa bakwai, kuma sarai ka sani. Na tambaye ta yaushe ka yi niyyar faɗa mini.

"Sai an rufe ƙofar jirgi, Malam. Ya ce haka ake yi wa mai tsoro, a bari sai ya buɗe baki."

Ni da na karanci falaki, aka yi mini aikin yara! Wannan na yafe. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, ka ninka mini tafiyar, sannan ka bar kujerar ba kowa. Amma jikata an riga an gaya mata Kaka na zuwa, don haka zan hau, in zauna ni kaɗai, ina jin haushinka har mu sauka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙurin rashi.

Sai dai da maiɗakin naka ta faɗi maganar buɗe bakin nan, dariya ta suɓuce mini a gaban masu gaisuwa. Saboda haka na ci kaina tara: kujerun da aka aro na makoki, ni zan mayar wa masu su, gida-gida, a kaina.